Darasi na Bakwai: Turbar Keke ta Gaɓar Kogin Danub

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an tattauna a kan sigogin rubutun bayani, inda aka nuna cewa manufarsa ita ce fahimtar da mai karatu abin da bai sani ba, ta hanyar jero dalilai da misalai bi da bi. A wannan darasi kuwa za a ɗauki batu guda a bi shi daki-daki, domin ɗalibi ya ga yadda ake yin hakan a aikace. Batun shi ne turbar keke da ta bi gaɓar Kogin Danub a nahiyar Turai, musamman yankin da ya tashi daga garin Passau na ƙasar Jamus ya dire a Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya.

Tsawon wannan yanki ya kai kimanin kilomita 320, wato ya fi nisan da ke tsakanin Kano da Kaduna. Duk da haka, a kowace shekara ana ganin yara 'yan makaranta da tsofaffi masu furfura suna bin sa a kan keke daga farko har ƙarshe. Tambayar da darasin zai amsa ita ce: me ya sa tafiya mai wannan nisa ta yi wa mai rauni sauƙi? Amsar tana tattare da abubuwa uku: yanayin kogin, da tarihin gaɓarsa, da kuma shawarar da aka yanke ta raba keke da mota.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) Bayyana ma'anar turbar keke ta yawon buɗe ido.
(b) Kawo tarihin yadda hanyar dawakai ta rikiɗe ta zama turbar keke.
(c) Jero zangunan turbar tare da abin da kowanne ya keɓanta da shi.
(d) Tattauna amfanin turbar ga mutanen karkara da kuma matsalolinta.
(e) Amfani da keɓaɓɓun kalmomin darasin a cikin jimloli.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Ma'anar Turbar Keke ta Yawon Buɗe Ido

Turbar keke ta yawon buɗe ido doguwar hanya ce da aka shimfiɗa ko aka gyara domin matafiyin da zai yi kwanaki a kan keke, yana yada zango a garuruwan da ke bisa hanya. Ta bambanta da layin keke na cikin gari, wanda ma'aikaci ke bi zuwa wurin aiki, kuma ta bambanta da filin tsere, domin mai bin ta ba sauri ne a gabansa ba. Abin da yake nema shi ne kallon ƙasa da motsa jiki da hutun zuciya.

Kafin hanya ta cancanci wannan suna, akan so ta cika wasu sharuɗɗa. Na farko, a hana motoci bin ta, in ban da motocin masu kula da ita da na kai ɗauki. Na biyu, ta kasance a shafe, babu hawa mai wahala. Na uku, a kafa mata alluna masu nuna sunan gari na gaba da nisansa. Na huɗu, a sami masauki da abinci da mai gyaran keke a tazarar da ba ta wuce tafiyar 'yan sa'o'i ba. Gaɓar kogi ta fi ko'ina sauƙin cika waɗannan sharuɗɗa, saboda ruwa ba ya hawa tudu, kuma tun fil'azal mutane sun saba kafa garuruwansu a bakin ruwa.

3.2 Kogin Danub

Kogin Danub shi ne na biyu a tsawo a nahiyar Turai, bayan Kogin Bolga na ƙasar Rasha. Tsawonsa kimanin kilomita 2,850 ne, ke nan bai kai Kogin Kwara ba, wanda ya haura kilomita 4,000. Ya faro ne daga tsaunukan Baƙin Daji da ke kudu maso yammacin Jamus, inda wasu ƙananan koguna biyu, Brigach da Breg, suka haɗu a garin Donaueschingen. Daga nan ya nausa gabas, ya ratsa ko ya yi iyaka da ƙasashe 10, kafin ya faɗa cikin Bahar Aswad. Manyan biranen ƙasashe huɗu ne ke bakinsa: Biyana da Bratislava da Budapest da Belgrade.

Abin lura a nan shi ne gangarar kogin. Tsakanin Passau da Biyana, saukar da ruwan yake yi ba ta kai mita 150 ba. Idan aka raba wannan da tsawon turbar, za a ga cewa a kowace kilomita ƙasa ba ta sauka ko da rabin mita. Ido ba ya ganin irin wannan gangara, amma ƙafar mai tuƙa feda tana jin daɗinta. Bugu da ƙari, iskar wannan yanki ta fi kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Saboda haka mafi yawan matafiya sukan bi ruwa ne, su tashi daga Passau su nufi Biyana, gangara na taimakonsu, iska kuma na tura su ta baya.

3.3 Asalin Turbar

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Wannan turba ba don keke aka fara share ta ba. Ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera keke, Danub shi ne babbar hanyar fatauci ta tsakiyar Turai, ana safarar gishiri da hatsi da katako da ruwan inabi a kansa. Bin ruwa ba shi da wuya, dawowa ita ce aiki. Hasali ma, a garin Ulm na Jamus an riƙa ƙera wasu jirage na katako waɗanda ba a yi su don su dawo ba. Da zarar sun isa inda za su, sai a wargaza su a sayar da katakon.

Jiragen da dole su koma sama kuwa, dawakai ne ke jan su. Akan haɗa jirage da dama a jere, a ɗaura doguwar igiya mai kauri a jikin na gaba, sannan a jera dawakai a kan gaɓa, wani lokaci har fiye da arba'in, suna ja mahayansu na kora su. Inda dutse ya tare gaɓa, sai a loda dawakan cikin jirgin fito a ƙetare da su zuwa ɗaya gacin, a ci gaba da ja. Tafiyar da mai bin ruwa ke yi cikin 'yan kwanaki takan ɗauki masu hawa makonni. Domin wannan aiki ne aka share siririyar hanya dab da ruwa, aka sare itatuwan da za su sarƙe igiya, aka baje tudun da zai gajiyar da doki. A Ostiriya ana kiran wannan hanya Treppelweg, kuma har yau da wannan suna aka san ta.

Zuwan injin tururi shi ya kawo ƙarshen sana'ar. A shekarar 1829 aka kafa kamfanin jiragen tururi na Danub a Biyana, a 1837 kuma jirgin tururi ya fara hawa daga Biyana zuwa Linz. A 1858 jirgin ƙasa ya haɗa waɗannan birane biyu. Sannu a hankali dawakai suka ɓace daga gaɓa, hanyar ta koma ta masunta da ma'aikatan kula da kogi.

A ƙarni na ashirin sai wani sabon aiki ya farfaɗo da ita. An gina madatsun ruwa na samar da lantarki a kan kogin, tun daga ta Jochenstein da aka kammala a 1956 a kan iyakar Jamus da Ostiriya, har zuwa ta Freudenau da ke Biyana a 1998. Kowace madatsa tana buƙatar jinga a gefen kogi domin tare ruwa, kowace jinga kuma tana buƙatar hanya a kanta domin masu duba ta. Da yawa daga waɗannan hanyoyi an zuba musu kwalta. A shekarun 1980 aka haɗa tsohuwar hanyar dawakai da hanyoyin kan jinga, aka kafa alluna, aka buɗe su ga masu keke. Su kansu madatsun, da dama daga cikinsu sun zama gadojin da mai keke ke bi ya ƙetare kogi. Ke nan doki ya share, injiniya ya shafe, mai keke ya gada.

3.4 Zangunan Turbar

Matafiyi mai matsakaicin ƙarfi yakan yi kilomita 50 zuwa 60 a yini, ya kammala tafiyar cikin kwana shida ko bakwai. Ga yadda akan kasa ta:

(i) Passau zuwa Schlögen, kimanin kilomita 40. Passau gari ne da koguna uku suka haɗu a cikinsa: Danub da Inn da Ilz. Jim kaɗan da barin garin ake shiga Ostiriya, ta cikin wani kwari mai duhuwar itatuwa. A Schlögen kogin ya ci karo da dutse mai tauri ya kasa huda shi, sai ya yi kwana ya koma baya kamar lauje, sannan ya sake juyowa. A nan turbar gacin arewa ta yanke, dole a shiga ɗan ƙaramin jirgin fito da keke, kamar dai yadda aka riƙa yi da dawakai.

(ii) Schlögen zuwa Linz, kimanin kilomita 55. Rabin farko na wannan zango yana daga cikin mafi shiru a turbar, sai kukan tsuntsaye da ƙarar jiragen dakon kaya. Linz kuwa birnin masana'antu ne da ya shahara da narka ƙarfe.

(iii) Linz zuwa Grein, kimanin kilomita 60. A kan wani tudu da ke bisa garin Mauthausen akwai sansanin gwale-gwale da gwamnatin Nazi ta kafa a 1938. Kafin a 'yantar da shi a 1945, mutanen da suka mutu a cikinsa da rassansa ba su gaza 90,000 ba. Yanzu wurin tunawa ne, kuma matafiya da yawa sukan ratse su hau tudun. Turbar ba kyawawan wurare kaɗai take nuna wa baƙo ba.

(iv) Grein zuwa Melk, kimanin kilomita 45. A da, wannan wuri shi ne abin tsoron matuƙa jirage, saboda duwatsu da ruwa mai juyi da ke haɗiye jirgi. Fasa duwatsun da kuma gina madatsar Ybbs-Persenbeug, wadda aka kammala a 1959, su suka kwantar da ruwan.

(v) Melk zuwa Krems, kimanin kilomita 36. Wannan shi ne kwarin Wachau, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. A Melk akwai katafaren gidan ibada na masu zuhudun Kirista da ya samo asali tun 1089. Manoman kwarin sun gina matakala na dutse a jikin tsaunuka suna noman inabi, a ƙasa kuma suna da lambunan wani ɗan itace mai zaƙi da ake kira afirikot. A garin Dürnstein akwai kufan kagarar da aka tsare Sarkin Ingila Richard na Ɗaya a ƙarshen shekarar 1192, lokacin da yake komawa gida daga yaƙi. A Wachau babu madatsa. Mutanen yankin sun ƙi amincewa da ita a shekarun 1970, shi ya sa ruwan ke gudu yadda ya saba.

(vi) Krems zuwa Biyana ta garin Tulln, kimanin kilomita 80, wanda akan raba shi biyu. Ƙasa ta buɗe, gonaki sun yawaita, turbar ta hau kan jinga ta miƙe. A Biyana ana iya shiga ta wani tsibiri mai tsawon kilomita 21 da aka gina tsakanin 1972 da 1988 domin kare birnin daga ambaliya, wanda shi ma an hana motocin jama'a shiga cikinsa.

3.5 Tsarin Tafiya

Lokacin tafiya yakan kama daga watan Mayu zuwa Satumba, domin da hunturu sanyi da ƙanƙara kan hana. Wasu sukan ɗaure jakunkunansu a kariya su kwana a tanti. Wasu kuma sukan biya kamfanin yawon buɗe ido ya ba su hayar keke, ya kama musu masauki, ya kuma riƙa kai musu kaya daga zango zuwa zango da mota ta wata hanyar daban. Wanda ya gaji yana iya shiga jirgin ruwa ko jirgin ƙasa da kekensa. Ko wane tsari mutum ya bi, ba ya rabuwa da famfo da kayan faci da rigar ruwa da gorar sha, domin rigakafi ya fi magani.

Keke mai batir ya ƙara buɗe ƙofa ga tsofaffi. A dokar Tarayyar Turai, injinsa yana taimakon mai tuƙi ne kawai yayin da yake juya feda, kuma yana daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a sa'a. Amma babban abin da ya sa uba ke sakin ɗansa a gaba ba tare da fargaba ba shi ne rashin mota. Inda babu mota, kuskuren yaro ba ya wuce ƙujewar gwiwa.

3.6 Amfanin Turbar ga Karkara

Mai mota yakan shafe tazarar Passau zuwa Biyana cikin 'yan sa'o'i a kan babbar hanya, ba tare da ya sayi ko ruwan sha a ƙauye ba. Mai keke kuwa dole ya kwana sau biyar ko shida, ya ci abinci sau uku a yini, kuma ba ya iya ɗaukar guzuri mai yawa. Saboda haka kuɗinsa a ƙauyuka yake zubewa: wurin manomin da ya mayar da ɗakunan gidansa masauki, da mai gidan burodi, da mai fito, da mai gyaran keke. Jinkirin tafiyar shi ne ribar mai gari.

Nasarar irin waɗannan hanyoyi ta sa Ƙungiyar Masu Keke ta Turai ta ƙaddamar da shirin EuroVelo a 1997, domin haɗa turbobin ƙasashe su zama dogayen hanyoyi. Turbar Danub tana cikin hanya ta 6, wadda ta tashi daga bakin Tekun Atilantika a Faransa, ta bi Kogin Luwar da wani yanki na Kogin Rayin, sannan ta kama Danub har Bahar Aswad. Wani nazari da aka yi wa Majalisar Turai a 2012 ya ƙiyasta cewa yawon buɗe ido a kan keke yana samar da kimanin yuro biliyan 44 a shekara a nahiyar.

3.7 Matsaloli

Kowane allazi da nasa amanu. Kogin da ya shafe turbar shi ne kuma ke cinye ta. A watan Yuni na 2013 ruwa ya kai tsayin mita 12.89 a Passau, abin da ba a ga irinsa ba tun 1501. An kuma yi wata babbar ambaliya a 2002. A irin wannan hali akan rufe sassan turbar, laka ta binne kwalta, masu masauki su yi asarar cinikin da suka dogara da shi.

Matsala ta biyu ita ce cunkoso. A tsakiyar lokacin zafi, musamman a Wachau, masu keke da masu tafiya a ƙafa da taraktocin manoma sukan haɗu a ƙuntatattun lungunan ƙauyuka, kuma bambancin gudu tsakanin keke mai batir da keken yaro yakan jawo karo. Ta uku, ba ko'ina ne aka raba turbar da mota ba. Akwai wuraren da dutse ya matse gaɓa, dole ta bi gefen titi ko ta ratsa cikin gari. Wajibi ne mai rubutun bayani ya faɗi wannan, domin faɗin amfanin abu tare da ɓoye aibinsa talla ce, ba bayani ba.

3.8 Keɓaɓɓun Kalmomi

Gaɓa: bakin kogi, inda ƙasa ta yi iyaka da ruwa.
Gaci: gefe guda na kogi idan aka kwatanta shi da ɗayan.
Fito: ƙetarar da mutane ko kaya a jirgin ruwa.
Jinga: tudun ƙasa da ake ginawa don tare ruwa. A lura cewa akwai wata jinga mai ma'anar aikin da aka yanke wa mutum, kamar wadda ke ƙarshen darasin nan.
Zango: wurin da matafiyi ke sauka ya huta, ko tazarar da ke tsakanin masauki biyu.
Kagara: gini mai ƙarfi da ake fakewa a ciki lokacin yaƙi.
Kariya: mazaunin ƙarfe da ke bayan sirdin keke, inda ake ɗaure kaya.

4.0 Kammalawa

An ga cewa sauƙin turbar Danub ba daga ƙarfin mahaya ya zo ba. Kogi ne ya samar da ƙasa mai shafe, fataken da suka shuɗe suka share hanya don dawakansu, masu gina madatsu suka zuba kwalta, sannan hukuma ta hana mota shiga. Ga malami mai jiran gado, darasin yana ɗauke da wani abin koyi. Ɗaliban da zai koyar sun san keke da kogi da fito da zango, ko da ba su taɓa jin sunan Danub ba. Daga waɗannan sanannun abubuwa zai faro, ya kai su ga wanda ba su sani ba, zango bayan zango, domin sannu ba ta hana zuwa.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo sharuɗɗa huɗu da turbar keke ta yawon buɗe ido ke cikawa.
2. Me ya sa mafi yawan matafiya ke tashi daga Passau maimakon Biyana?
3. Bayyana yadda ake jan jirage zuwa sama kafin zuwan injin tururi.
4. Wace rawa madatsun lantarki suka taka wajen samuwar turbar?
5. Yi sharhi a kan wannan jimla: "Jinkirin tafiyar shi ne ribar mai gari."
6. Fito da karin magana uku da aka yi amfani da su a darasin, ka nuna dacewar kowace da wurin da ta zo.

6.0 Jingar Aiki

1. Zaɓi wani kogi ko rafi da ka sani a yankinku. Rubuta bayani da bai gaza kalmomi 400 ba a kan tafiyar yini ɗaya a gaɓarsa, kana mai kasa ta zango-zango, tare da kawo abin sha'awa da kuma abin da ke iya kawo cikas.
2. Tsara shirin darasi na minti 40 don aji biyu na ƙaramar sakandare, inda za ka yi amfani da sashe na 3.3 a matsayin matanin auna fahimta. Nuna tambayoyin da za ka buɗe darasin da su da kayan koyarwar da za ka tanada.